Tom Watson na Jojiya: maguɗin zaɓe ne ya lalata shi, ko dama can haka yake?

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna kan wani ɗan siyasar Amurka da ba kasafai ake jin sunansa a wajenmu ba, Thomas E. Watson. An haife shi a 1856 kusa da wani ƙaramin gari mai suna Thomson a jihar Jojiya. Gidansu masu gonaki ne da bayi, amma yaƙin basasa da karayar tattalin arziki ta 1873 suka tsiyata su, har ya bar Jami'ar Mercer bayan shekara biyu saboda babu kuɗin makaranta. Ya yi koyarwa a ƙauye, yana karatun shari'a da kansa, ya zama lauya a 1875, ya koma garinsu ya buɗe ofis. A 1890 manoma suka tura shi Majalisar Wakilai a Washinton, ya yi zango ɗaya tak, daga 1891 zuwa 1893. A lokacin babu wani farar fata a jihohin kudancin ƙasar Amurka da ya kai shi ƙarfin halin cewa talaka baƙi da talaka fari su haɗa kai. Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka, jaridarsa ce ta zuga mutane suka fasa kurkuku suka rataye wani Bayahude. Tambayata ita ce: me ya faru da mutumin nan? Ni dai ina ganin zaɓukan da aka yi ta murɗe masa ne suka karya shi. Ina jiran ra'ayinku.

Baba Ilu: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a kai ga lalacewarsa, a fara gaya mana abin da manoman suke kuka da shi, don mu san me ya tsaya wa.

Malam Habibu: To Baba. Bayan yaƙin basasa babu kuɗi a hannun manoman Kudu, bankuna kuma ba su kallon ƙauye. Sai manomi ya je wurin mai kanti ya ɗauki gari da nama da taki bashi, ya jinginar da audugar da bai ma shuka ba. Farashin kayan bashi daban, na kuɗi hannu daban, ga ruwa a kai. Idan aka tsinke auduga aka yi lissafi, sau da yawa bashin bai biyu ba, sai a ɗora ragowar a kan shekara mai zuwa. Mai kanti kuma ba ya yarda a shuka komai sai auduga, ita kuwa farashinta sai faɗuwa yake yi, har ya sauka wajen senti 5 kowace laba a 1894. Kamfanonin jirgin ƙasa su ma suna tatsar nasu. A 1888 masu sayar da algararar da ake naɗe dilar auduga suka haɗa baki suka tsawwala farashi, ƙungiyar manoma ta Farmers' Alliance ta ƙaurace musu, Watson yana cikin waɗanda suka ja gaba a Jojiya. Daga nan sunansa ya fita.

Baba Ilu: Wannan ai mun san shi. Buhu ɗaya da damina, biyu da kaka, kuma a tsaya maka a bakin gona. Duk wanda ya taɓa shiga hannun irin waɗannan mutane ya san dalilin da manomi zai bi lauyan da ya tsaya masa ko da wuta zai shiga. Allah ya raba mu da bashi.

Barista Hadiza: Amin Baba. Malam Habibu, bari in ƙara wani abu ta ɓangaren aikinsa na lauya, domin ina ganin a nan ne ya koyi abin da ya yi amfani da shi duk rayuwarsa. Watson lauyan kare waɗanda ake tuhuma ne, musamman a shari'un kisa, a kotunan ƙananan hukumomin karkara. A tsarinsu mutum goma sha biyu ake zaɓowa daga cikin jama'a su yanke ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba, kuma a irin waɗannan wurare manoma ne. Lauyan da ya san yadda manomi yake magana, ya san abin da ke sa shi hawaye da abin da ke sa jininsa ya tafasa, shi ke cin shari'a. Watson ya ƙware a wannan ƙwarai, ya yi kuɗi, ya sayi gonakin da iyayensa suka rasa, ya ƙara da wasu, har ya zama yana da nasa masu noma a haya. A 1882 ya shiga majalisar jihar, ya yi magana a kan mummunar al'adar nan ta bayar da hayar fursunoni ga 'yan kasuwa su yi musu aikin bauta, waɗanda akasarinsu baƙaƙe ne. Bai ƙarasa wa'adinsa ba ya ajiye. Abin lura shi ne, a kotu akwai alƙali da zai ce maka zauna, akwai lauyan ɗaya ɓangaren da zai tashi ya mayar maka. Da ya koma jarida, babu ko ɗaya daga cikin biyun.

Auwalu Ɗan Jarida: Barista kin taɓo inda nake so. Amma kada mu yi saurin wuce zangonsa na majalisa, don ya yi abin a zo a gani a shekara biyun nan. An zaɓe shi a ƙarƙashin Dimokurat, amma da ya isa Washinton ya ƙi shiga taron jam'iyyar, ya bi 'yan tsirarun wakilan manoma na sabuwar jam'iyyar People's Party, su kuma suka tsayar da shi takarar kakakin majalisa duk da sun san ba za su ci ba. Ya nemi a binciki kamfanin Pinkerton da masu masana'antu ke ɗauka haya suna murƙushe yajin aiki. Ya rubuta cewa 'yan majalisa na shiga zaure a buge, abin ya tayar da ƙura har aka kafa kwamitin bincike. Babban abin da ya bari kuwa shi ne kuɗin da ya sa aka ware a 1893, dala 10,000, don gwajin kai wasiƙa gidajen mutanen karkara kyauta. A lokacin mutumin birni ana kawo masa wasiƙa har ƙofar gida, manomi kuwa sai ya ɗaura doki ya yi tafiyar mil da yawa zuwa gidan waya. An fara gwajin a 1896 a jihar West Virginia, ya zama tsari na dindindin a 1902. Wannan ya buɗe wa ƙauye ƙofar jarida da kasidun 'yan kasuwa da labarin farashi. Kuma ta wannan hanyar ce daga baya jaridarsa ta riƙa shiga gidajen manoma kowane mako.

Nafisa: Malam, ni abin da nake so a fayyace shi ne maganar haɗa kan baƙi da fari. Da gaske yake yi, ko ƙuri'a kawai yake nema?

Malam Habibu: Nafisa, ga abin da ya faru, ki auna da kanki. A 1892 ya rubuta a wata mujalla cewa ana raba talakawan biyu ne don a yashe kowanne shi kaɗai, ana koya musu ƙin juna don a kan ƙiyayyar aka gina mulkin masu kuɗi. A yaƙin neman zaɓen shekarar yana hawa dandali ɗaya da baƙaƙe. Akwai wani matashin mai wa'azin coci baƙar fata, H. S. Doyle, wanda ya yi masa jawabi fiye da sittin. Da aka yi barazanar kashe shi a watan Oktoba ya gudo gidan Watson, shi kuma ya ɓoye shi ya aika a kira magoya baya. Manoma farare wajen 2,000 suka hau dawakai da bindigogi suka kwana suna gadin baƙar fata, a Jojiya, a zamanin da ake rataye baƙi a bishiya ba mai cewa uffan. Wanda ƙuri'a kawai yake nema ba ya jefa gidansa da iyalinsa cikin wannan haɗari.

Nafisa: Na ji Malam, kuma abin ya girgiza ni. Amma a rubutun nan na 1892 ɗin dai ya faɗa ƙarara cewa ba zaman daidaito tsakanin jinsunan yake nufi ba, kowa ya tsaya gidansa, a haɗu a akwatin zaɓe kawai. Wato ya karɓi baƙi a matsayin abokan tafiya muddin tafiyar tana kai shi inda yake so. Da ta daina kai shi, ya sauke su. Shi ya sa ni ban yarda cewa wani sabon mutum ne ya fito daga baya ba. Abin yana nan kwance tun farko.

Malam Habibu: Ki dubi irin abin da aka yi masa tukuna. 'Yan Dimokurat da ke riƙe da majalisar jihar suka sake shata mazaɓarsa. Suka tsayar da James C. C. Black na birnin Augusta. Ranar zaɓen 1892 aka yi ta ɗebo ma'aikatan gona baƙaƙe a keken doki, har daga tsallaken kogi a jihar South Carolina, ana ba su giya da kuɗi, suna jefa ƙuri'a sau biyu sau uku. Ƙuri'un da aka ƙirga a Augusta sun kusa ninka yawan masu haƙƙin zaɓe. An yi duka, an yi kisa. A 1894 aka maimaita, abin ya yi muni har shi Black ɗin ya ji kunya ya ajiye kujerar aka sake zaɓe a 1895, aka sake ba shi. Sai 1896 jam'iyyarsa ta mara wa William Jennings Bryan na Dimokurat baya a takarar shugaban ƙasa, ta tsayar da Watson mataimaki, su kuma Dimokurat suka ƙi janye nasu mataimakin, Arthur Sewall, mai banki da kamfanin ƙera jiragen ruwa. Watson ya tashi da ƙuri'un wakilan zaɓe 27, jam'iyyar kuma ta narke. Ya koma gida ya rufe ƙofa kusan shekara takwas yana rubuta tarihin Faransa da na Napoleon da na Jefferson. Mutum ya ga an yi amfani da ƙuri'ar waɗanda ya tsaya wa an kayar da shi sau uku, ba dole zuciyarsa ta ɗaci ba?

Barista Hadiza: Ɗacin zuciya kam dole ne, Malam, amma a kan wa? Ma'aikacin gonar da aka ɗora a keke aka kai shi rumfar zaɓe, mai gonarsa yana tsaye a kansa, shi ne ya yi maguɗin? Waɗanda suka shirya abin farare ne masu kuɗi a Augusta, kuma Watson ya san sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Lauya ne, ya san bambancin wanda ya kitsa laifi da wanda aka tilasta. Amma a 1904 ya fito ya ce zai mara wa duk ɗan Dimokurat da zai hana baƙi zaɓe baya, wai idan aka cire su farare za su iya rabuwa gida biyu ba tare da tsoro ba. A 1906 ya mara wa Hoke Smith baya ya zama gwamna a kan wannan alkawari. A watan Satumba na shekarar, bayan wannan yaƙin neman zaɓe mai cike da zuga, farare suka afka wa baƙi a Atlanta suka kashe mutane da dama. A 1908 aka gyara tsarin mulkin jihar da sharuɗɗan iya karatu da mallakar dukiya, aka share baƙi daga rajista. Wato ya shirya da ɓarayin ƙuri'arsa, ya hukunta waɗanda aka yi amfani da su. Wannan zaɓi ne ya yi da hankalinsa, yana ɗan shekara kusan hamsin.

Baba Ilu: Ita kuma audugar da bashin fa? An cire baƙi daga zaɓe sai manomi fari ya huta?

Barista Hadiza: Ko kusa, Baba. Haya da jingina sun ci gaba, kuma sharuɗɗan zaɓen da harajin da sai an biya kafin a jefa ƙuri'a sun haɗa da fararen talakawa da yawa.

Auwalu Ɗan Jarida: Ni a ganina ku biyun kuna barin wani abu a baya, wato kasuwar jaridar kanta. Jaridarsa ta farko, People's Party Paper, da ya kafa a Atlanta a 1891, ta jam'iyya ce, tana da manufa da take bi: farashin auduga, kuɗin jirgin ƙasa, rumbunan gwamnati da manomi zai ajiye amfaninsa ya karɓi rance mai sauƙin ruwa. Amma mujallar Jeffersonian da jaridar mako-mako mai wannan suna nasa ne shi kaɗai. A 1910 ya kai injin buga su Thomson, kusa da gidansa na Hickory Hill. Shi ne mai kamfani, shi ne edita, shi ne marubuci. Jam'iyya ta mutu, a takarar shugaban ƙasa ta 1908 bai samu ƙuri'a 30,000 ba a duk faɗin Amurka. Abin da ya rage masa na ƙarfi shi ne masu karanta shi, waɗanda yake juya ƙuri'unsu ya naɗa gwamna ya sauke gwamna. To me zai riƙe su da shi kowane mako? Sai abokin gaba. Daga 1910 ya sa Katolika a gaba da zage-zage na batsa, har gwamnatin tarayya ta gurfanar da shi, aka sallame shi a 1916. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai ya san jarabar nan: ka ga abin da ke sa a saye, gobe ka ƙara masa gishiri. Idan babu wanda ya isa ya karɓe maka alƙalami, ba ka tsayawa.

Nafisa: Yaya Auwalu, ka kawo mana maganar Bayahuden dalla-dalla.

Auwalu Ɗan Jarida: A ranar 26 ga Afrilu 1913 aka kashe wata yarinya 'yar shekara 13, Mary Phagan, a masana'antar fensir da take aiki a Atlanta. Aka kama manajan wurin, Leo Frank, Bayahude da ya tashi a New York. Babban mai shaida a kansa shi ne mai sharar masana'antar, Jim Conley, wanda ya sauya bayaninsa sau da dama. Aka yanke wa Frank hukuncin kisa cikin hayaniyar jama'a. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Watson bai ce komai ba lokacin shari'ar. Sai a Maris 1914, da jaridar Atlanta Journal ta nemi a sake shari'a, ya shigo, domin yana kallon jaridar a matsayin bakin Hoke Smith, wanda a lokacin sun ɓata. Daga nan ya yi ta rubutu yana cewa kuɗin Yahudawan Arewa na neman sayen jinin 'yar talaka. Kwafen da yake bugawa ya tashi daga wajen 25,000 zuwa 87,000. Gwamna John Slaton ya zauna ya karanta takardun shari'ar, ya je masana'antar da ƙafarsa, ya mayar da hukuncin ɗaurin rai-da-rai a Yuni 1915, sai da aka kira sojoji suka tsare gidansa. Watson ya fito fili yana kiran jama'a su ɗauki doka a hannu. A daren 16 ga Agusta wasu mutane suka shiga kurkukun Milledgeville suka ɗauke Frank, da safe suka rataye shi a Marietta, garin su yarinyar. Watson ya yaba musu a bugu na gaba. A Nuwamban shekarar aka farfaɗo da Ku Klux Klan, ƙungiyar farare masu ta'addancin wariyar launin fata, a kan dutsen Stone Mountain, abin da shi ma ya riga ya yi kira a yi.

Sagir Atlanta: Salam jama'a, ina biye da ku daga nan Jojiya. An kafa masa mutum-mutumi a 1932 a daidai ƙofar ginin majalisar jihar, hannu a ɗage kamar yana jawabi, an rubuta cewa gwarzon gaskiya ne. Ya yi shekara tamanin da ɗaya a wurin. A 2013 aka ɗauke shi aka tsallakar da shi titi zuwa wani ɗan fili, gwamnatin lokacin ta ce gyaran matakala za a yi, ba a mayar da shi ba. Har yau idan aka yi maganarsa a nan, wasu wasiƙar karkara suke tunawa, wasu kuma igiyar Marietta.

Malam Habibu: Mun gode Sagir. Ba na kare abin da ya yi wa Frank, Allah ya kiyaye, jini ne a wuyansa. Abin da nake cewa shi ne mutumin 1892 bai mutu gaba ɗaya ba. A 1917 ya tsaya tsayin daka a kan tilasta wa 'ya'yan talakawa shiga yaƙin duniya, ya tara kuɗi ya kai ƙara kotu, daga baya kuma ya yi magana don a saki Eugene Debs, jagoran 'yan ƙwadago da aka ɗaure saboda adawa da yaƙin. Talakawan Jojiya ba su manta ba, a 1920 suka kai shi Majalisar Dattawa, ya kayar da Hoke Smith da gwamna mai ci Hugh Dorsey. Bai cika shekara biyu ba ya rasu a Satumba 1922, aka naɗa Rebecca Felton a gurbinsa, mace ta farko a wannan majalisa, ta yi kwana ɗaya. Har yanzu ina ganin da an bar masa kujerarsa a 1892, da haɗin kan nan ya samu lokacin yin saiwa, da tarihin Kudu ya sauya.

Nafisa: Wataƙila, Malam. Amma talakawan da suka zaɓe shi a 1920 farare ne kaɗai, domin sauran shi ya taimaka aka hana su. Waɗanda suka sha duka saboda shi a 1892, idan suna raye, ba su da ƙuri'ar da za su jefa masa ko su hana shi. Akwai wasu 'yan jam'iyyar manoma da aka murɗe musu zaɓe kamar yadda aka yi masa, ba su koma suna kiran a rataye mutane ba.

Auwalu Ɗan Jarida: Barista, wata tambaya ta shari'a. A Agusta 1917 hukumar gidan waya ta hana ɗaukar Jeffersonian a ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta shekarar, jaridar ta mutu. Dalilin kuwa adawarsa da yaƙi ne. A kan zuga kisan Frank an taɓa shi?

Barista Hadiza: Ba a taɓa shi ba, Malam Auwalu, kuma ba shi kaɗai ba. Waɗanda suka ɗauko Frank ba 'yan tasha ba ne, sun zo da motoci, sun yanke wayoyin kurkuku, sun yi tafiyar dare fiye da mil ɗari ba wanda ya tare su. Kwamitin masu bincike na ƙaramar hukumar Cobb ya zauna ya ce bai gano kowa ba, alhali garin duka ya san su, an ma ɗauki hotuna a gindin bishiyar ana sayarwa. Da aka fitar da sunayen waɗanda suka shirya abin shekaru da yawa bayan haka, akwai tsohon gwamna Joseph M. Brown a ciki, akwai kuma mai gabatar da ƙara na yankin, wanda shi ne ya jagoranci zaman binciken. A 1982 wani dattijo, Alonzo Mann, wanda yake yaron ofis a masana'antar lokacin kisan, ya ba da shaida cewa ya ga Conley ɗauke da gawar yarinyar, aka tsoratar da shi ya yi shiru. A 1986 jihar Jojiya ta yi wa Frank afuwa bayan mutuwa. Takardar afuwar ba ta ce bai yi laifin ba, ta tsaya ne a kan cewa hukuma ta kasa kare ransa yana hannunta, ta kuma kasa gurfanar da waɗanda suka kashe shi.